Ɓarawon yana jin Hausa, gargaɗin kuma da Turanci yake zuwa

Duk mai riƙe da waya a Kumasi ya san kiran nan. Lamba ce da ba ka sani ba, murya a natse, ladabi kamar na ma'aikacin banki. Zai kira sunanka cikakke, ya ce daga ofishin kamfanin layinka yake magana, wai an samu matsala a asusunka na MoMo, wato asusun ajiya da aika kuɗi ta waya, in ba a gyara yanzu ba za a rufe shi da kuɗin da ke ciki. In ya ji Turancinka yana tangal-tangal sai ya juya zuwa Twi. In kuwa sunan da ya gani na Musulmi ne, ko ya ji Zango a bakinka, sai ka ji sallama da Hausa tsantsa: "Hajiya, ina wuni? Kada ki damu, taimakonki za mu yi."

A nan maganata take. Mun daɗe muna cewa waɗanda ake cuta ta waya wawaye ne ko makwaɗaita, ni kuma ban yarda ba. Abin da nake gani a unguwanninmu na Aboabo da Asawase da Sawaba shi ne, macucin yana yi wa iyayenmu magana da harshen da suke ji, da irin gaisuwar da suka saba, yayin da gargaɗin da aka ce an yi musu yake shigowa wayarsu a rubuce da Turanci, a tsakiyar tallan data da na caca, ba mai karanta musu. Wanda ya zo maka da harshenka shi za ka saurara. Muddin ba mu cike wannan giɓin ba, za mu yi ta zagin waɗanda aka cuta, kuɗin kuma su yi ta tafiya.

A tuna yadda muka iso nan. A 2009 MTN ta fara harkar aika kuɗi ta waya a Ghana. A 2018 aka haɗa layukan, ya zama mai wannan kamfani yana iya tura wa mai wancan kai tsaye. Zuwa 2023, kuɗin da suka bi ta wayoyin mutanen ƙasar nan a shekara guda sun kusa sidi tiriliyan 2, bisa ƙididdigar Babban Bankin Ghana. Ko harajin E-Levy da aka ɗora wa tura kuɗi ta waya a 2022 bai raba mutane da MoMo ba, balle yanzu da aka soke shi a 2025. A wurinmu wannan ba lissafin takarda ba ne. Mai waakye, wato shinkafa da wake, da shi take biyan mai kawo mata shinkafa. Ɗan kasuwar Kejetia da shi yake aika kuɗin doya Techiman ba tare da ya hau mota ba. Kuɗin adashi, gudummawar aure da suna, kuɗin makarantar yara, abin da ɗa ya aiko daga Accra ko daga ƙasar waje, duk a cikin wannan ƙaramar waya suke kwana. Dubban mutanen da ba su taɓa taka ƙofar banki ba sun wayi gari da banki a cikin lalitarsu, amma ba wanda ya zaunar da su ya koya musu yadda ake tsaronsa.

Abu na farko da yake karya wa mutum gwiwa shi ne jin sunansa a bakin baƙo. Sai ya ce a ransa, in ba daga kamfani yake ba, ina ya samo sunana? Amsar ba ta da wuya. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ya san cewa kafin ka sa lambar sirri, wayar tana nuna maka sunan mai lambar da za ka tura wa, don kada ka yi kuskure. To macuci ma haka yake yi: ya danna lamba, ya ga suna, ya fasa turawar, ya kira. Wani kuma a littafin da masu rumfar MoMo, inda ake sa kuɗi da cirewa, suke rubuta lambobin abokan ciniki yake leƙawa, ko a rukunin WhatsApp, ko a jikin allon shago inda aka rubuta lamba da manyan baƙaƙe. Sanin sunanka ba shaidar komai ba ne. Da wannan kaɗai kowace uwa a Zango ta sani, da rabin kiran nan ya mutu tun a gaisuwa.

Akwai wata dattijuwa a layinmu, koko da ƙosai take sayarwa tun ina yaro. Wata safiya tana tsakiyar suya aka kira ta. Mai kiran ya ce wata mata ce ta kai ƙararta ofis, wai kuɗinta sun faɗa asusun dattijuwar bisa kuskure, kuma in ba a warware ba kafin azahar za a toshe layin. Ga mai yana tafasa, ga yara 'yan makaranta a tsaye da kwanoninsu. Ta ce masa, "Ɗana, ni ban ci kuɗin kowa ba." Ya ce, "Na sani, Mma, shi ya sa nake so in wanke ki. Akwai yaro kusa da ke?" Ta miƙa wa jikanta wayar. Shi ya riƙa faɗa, yaron yana dannawa: danna kaza, zaɓi huɗu, zaɓi ɗaya, yanzu wani saƙo zai fito, Mma ta sa lambarta don a tabbatar ita ce mai layin. Ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar, ta sa lambobi huɗun nan da kanta, ta mayar da hankali kan ƙosanta. Sai da yamma, da ta je wurin mai MoMo ɗaukar kuɗin wake, aka ce mata babu komai a ciki. Da take ba mu labari, da tsohon lissafi take faɗin kuɗin, irin na kafin canjin kuɗi na 2007, tana cewa miliyan kaza, kamar yadda tsofaffinmu da yawa suke yi har yau.

Abin da aka sa ta yi ba sihiri ba ne. Matakin da yaron ya danna shi ne na ba da izinin cire kuɗi, wanda kowa yake yi in yana tsaye gaban mai MoMo. Daga can wani wuri aka turo buƙatar cirewa, ita kuma da ta sa lambar sirrinta ta sa hannu. Saƙon da ya fito a fuskar wayar ya faɗi gaskiya, ya rubuta adadin da za a cire. Amma da Turanci ya rubuta, muryar da ke kunnenta kuma tana faɗa mata wani abu dabam da Hausa.

Sai na ji masu cewa ai kwaɗayi mabuɗin wahala, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ina kwaɗayi a labarin wannan baiwar Allah? Tsoron a ce ta ci haƙƙin wani ne ya kama ta. Haka ma dabarar nan ta "na turo kuɗi layinka bisa kuskure", wadda ta fi kowace yawa. Saƙo ya shigo mai kama da na shigar kuɗi, nan take wata ta kira tana kuka, kuɗin asibitin ɗanta ne, don Allah a mayar mata. Wa yake faɗawa wannan tarkon? Mai amana, wanda ba zai iya barci da kuɗin wani a hannunsa ba. Marar imani kashe wayarsa zai yi ya ci gaba da harkarsa. Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai a cikin sana'ar nan tasu: tarbiyyar da iyaye suka ba mu ita suke kamawa su ja mu da ita.

Gane wannan saƙon kuwa ba ya buƙatar digiri. Saƙon gaskiya na shigar kuɗi da sunan kamfani yake zuwa, a cikin jerin saƙonnin da ka saba samu daga gare su. Na bogi daga lambar waya ta mutum yake fitowa, mai lambobi goma irin tawa da taka. Ko da ma ya yi kama da na gaskiya ƙwarai, kada ka gaskata saƙo, duba asusunka da kanka. In kuɗin sun ƙaru da gaske, ka ce wa mai kukan ta kira kamfani su mayar mata, akwai hanyar da aka tanada don haka. Ba rashin tausayi ba ne. In da gaske kuɗinta ne za su koma mata, kai ma ka fita da hannunka a wanke.

Ban ce babu masu faɗawa ta hanyar son banza ba. Akwai su, kuma yawanci matasa ne masu manyan wayoyi, waɗanda suke ganin sun fi ƙarfin a cuce su. Su ta WhatsApp da Facebook ake kama su: kamfani kaza yana bikin cika shekaru, yana rabon data kyauta, danna nan ka tura wa mutum ashirin. Shafin da zai buɗe yana da launin kamfanin da tambarinsa, ya nemi lambar wayarka, ya nemi lambar sirri, ko ya ce an turo maka wasu lambobi ta saƙo, kwafo su nan. Waɗannan lambobin na wucin gadi su ne mabuɗin shiga asusunka daga wata wayar. Irinsu ne guda shida da ake karɓa a ƙwace wa mutum WhatsApp, daga nan a bi 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya da sunansa ana neman rance. Wani ma ba a tsaya ga abin da ke asusunsa ba, sai an ci bashi ta wayar da sunansa, ya tashi da asara da kuma biya. Abin takaicin, mu da kanmu muke yaɗa waɗannan saƙonni a rukunin dangi da na masallaci, da niyyar alheri, har da rubuta "Allah ya sa mu dace".

Lokacin sake rajistar layuka da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ya ba su labari mai daɗin faɗa. An fara aikin a Oktoba 2021, aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa 2023, kuma da gaske an toshe layukan waɗanda ba su yi ba. Mutane sun ga dogayen layuka a ofisoshi, sun ga maƙwabcin da wayarsa ta daina kira. Tun daga nan kalmar "za a toshe layinka" ta zama abin tsoro na gaske, har yau kuma suna cin moriyarta.

Dabarunsu suna canzawa kullum, ba wanda zai iya haddace su duka, don haka ni ban ga amfanin a ɗora wa tsohuwa dogon jerin dokoki ba. Abu guda ya ishe ta in ta riƙe shi da kyau: lambar sirri ta fitar da kuɗi ce da duba asusunka da kanka, ba a karɓar kuɗi da ita, ba a gyara layi da ita, ba a cin kyauta da ita. Duk wanda ya kira ka ya ce ka faɗa masa ita, ko ka danna ta yana kan layi, ɓarawo ne, ko da ya san sunan kakanka. Kashe kiran, ba sai ka yi sallama ba. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kai ka kira kamfanin da hannunka, ga masu MTN lambar ita ce 100, ko ka taka zuwa ofishinsu. MTN ta sha sanar da cewa daga 0244300000 kaɗai take kiran abokan cinikinta, kuma ko a wannan kiran ba a tambayar lambar sirri. Gaggawar da mai kiran yake sa ka, kafin azahar, cikin minti biyar, kada ka kashe waya, ita kanta alama ce. Ba ya so ka samu sararin tambayar kowa.

Sai kuma zaɓen lambar kanta. Mutane nawa ne a cikinmu shekarar haihuwarsu ce lambar sirrinsu? Shekarar nan tana rubuce a jikin Ghana Card, katin da muke miƙa wa kowa ya ɗauki hotonsa.

Amma zalunci ne a sauke nauyin duka a kan mai waya. Kamfanonin nan, MTN da Telecel da AT, suna cin riba a wannan harka, don haka tsaron ƙofar ma aikinsu ne. Ban ce sun naɗe hannu ba. Tun Afrilu 2021 MTN ta sa dokar nuna katin shaida kafin cire kuɗi, suna tura gargaɗi, ana jin tallarsu a rediyo. Sai dai a duba wa gargaɗin yake isa. Wanda ya iya karanta saƙon Turanci ya fahimta, shi ne dama ya fi wuyar kamuwa. Me zai hana, a daidai lokacin da za a cire kuɗi masu yawa daga asusun da bai saba ba, wayar ta yi magana da murya, da Hausa ko Twi ko Dagbani, ta ce kuɗi kaza za su fita daga hannunka, ka yarda? Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa labarai da Hausa, ga Zuria FM nan a Kumasi ana saurarenta a shaguna da gidaje. Masu magana da harshen ba su yi ƙaranci ba. Kamfanin da ya iya kiran ka da murya don tallan waƙar da za ta riƙa tashi in an kira ka, ya iya kiran ka da murya don ya tsare maka jarinka.

Hukumomi ma da nasu. An ce mana in aka haɗa kowane layi da Ghana Card za a san mai kowace lamba, damfara ta ragu. To layukan da ake kiranmu da su, da sunan wa aka yi musu rajista? Wannan tambaya ce da ya kamata hukumar sadarwa ta NCA da Babban Banki su riƙa amsawa a bainar jama'a, da adadin waɗanda aka kama da waɗanda aka hukunta. Amma wani ɓangaren amsar yana gidajenmu. Akwai masu ba da katinsu a yi rajistar layi don 'yan kuɗin da ba su kai na cefanen yini ba, ba su san wa zai riƙe layin ba. Ranar da aka bi sawu, ƙofarsu za a ƙwanƙwasa. Akwai kuma waɗanda samun katin ya yi musu wuya, kamar yadda mutanen Zango da dama suka sha tambayoyi a kan asalinsu, sai suka yi rajista da katin ɗa ko na ƙani. Irin wannan in an cuce ta, ta je kai ƙara, sai a ce ai layin ba da sunanta yake ba, magana ta tsaya tun ba a fara ba. Duk wanda ya samu katinsa yanzu, ya daure ya je a mayar da layin sunansa.

Abin da ya fi taimakon macutan nan, a ganina, shi ne kunya. Dattijuwar da na ambata sai da ta kwana biyu kafin ta faɗa wa 'ya'yanta, don tana gudun a ce ta tsufa, a karɓe mata waya. Magidanci kuwa ya gwammace ya haɗiye asarar da a ji a majalisa cewa yaro ya yi masa wayo. Alhali a wannan harka sa'ar farko ita ce komai. Kuɗin ba sa zama a inda suka sauka, ana cire su ne ko a rarraba su zuwa wasu layukan. In an kira kamfani nan take, akwai damar a riƙe asusun da suka faɗa kafin a kwashe. Bayan nan a canza lambar sirri, a adana saƙon da lambar da ta kira, a kai rahoto ga 'yan sanda. Hukumar Tsaron Intanet, wadda dokar 2020 ta kafa, tana da lamba 292 da ake kira ko a tura wa saƙo. Ba kowane rahoto ne yake dawo da kuɗi ba, gaskiya ce, amma lambar da aka kai ƙararta ana iya toshe ta kafin ta kira maƙwabciya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu kuma 'ya'ya, in uwa ta zo da wannan labari, kada kalmar farko ta zama "ai na faɗa miki". A karɓi wayar a fara kira, faɗan ya jira.

Akwai maganar da ba ma son yi. Muryar nan da take cewa "Hajiya, ina wuni" da Hausa mai kyau, ba daga sama ta faɗo ba. Wani gida ne ya haife ta, wata makarantar allo ta zauna. Ba na cikin masu shafa wa matasan Zango baƙin fenti, don damfarar waya ba ta da ƙabila, kuma mafi yawan samarinmu da guminsu suke ci, a kan babur da pragya mai ƙafa uku da cikin kasuwa. Amma in yaro ba ya aikin fari ba ya na baƙi, yana da wayoyi uku da layuka barkatai, kullum yana ƙuryar ɗaki yana magana ƙasa-ƙasa, ga sabon takalmi duk mako, mun san tambayar da ya kamata a yi masa. Uwar da ta karɓi kuɗin cefane daga hannunsa ba ta tambaya ba, ta sani cewa wataƙila jarin wata uwar ne irinta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Rashin aikin yi gaskiya ne kuma yana da ciwo, amma bai halatta kuɗin mai ƙosai ba.

Shi ya sa nake roƙon malamanmu. Ba wata kafa a Zango da ta kai mumbarin Juma'a isa ga jama'a, sai kuma wa'azin mata da taron suna da na aure. Minti uku a ƙarshen huɗuba sun isa liman ya ce, jama'a, kamfanin waya ba ya tambayar lambar sirri, duk wanda ya tambaye ku ku kashe waya. In daga bakin liman ta fito, tsohon da ba ya karanta saƙo zai riƙe ta. A maimaita lokacin azumi da gab da Sallah da lokacin biyan kuɗin Hajji, sa'ad da kuɗi suka fi yawo a wayoyi. Sarakunan Zango da shugabannin mata na kasuwa su ma su ɗauka.

Masu MoMo na bakin titi kuwa, ku ne kuke ganin abin tun yana faruwa. In dattijo ya zo rumfarka waya a kunne, hannu yana rawa, yana cewa a tura kuɗi wata lamba yanzu-yanzu, kada ka duba ɗan ladan da za ka samu. Ka ce, "Baba, wa ke kan layin? Ba ni shi mu gaisa." Galibi da jin wata murya dabam mai kiran zai katse. Littafin da kuke rubuta lambobin mutane kuma a daina barinsa a buɗe a kan tebur.